Bakatsine, Badauri, ko ɗan jihar Katsina?

Tambaya: "Malam, mahaifina mutumin Daura ne, ni kuwa a Kaduna aka haife ni. A makaranta abokai suna ce mini Bakatsine saboda takarduna sun nuna jihar Katsina, amma kakata ba ta yarda da wannan suna ko kaɗan, ta ce mu Daurawa ne. Shin me ake kiran mutanen jihar Katsina? Kuma su wane ne fitattun mutanen da jihar ta haifa?"

Amsa: Ɗana, kakarka ta fi abokanka gaskiya, ko da yake su ma ba ƙarya suka yi da gangan ba. Abu biyu ne suka cakuɗe musu, sunan ƙasa da sunan jiha, kuma ba su kaɗai ba ne, har 'yan jarida suna faɗa wa wannan rami.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Namiji Bakatsine ne, mace Bakatsiniya, jam'i Katsinawa, Hausar da suke yi kuma Katsinanci. Haka Hausa take gina sunan mutum daga sunan ƙasarsa: ta ɗora "ba" a gaba, ta gyara wasalin ƙarshe, idan jam'i ne kuma ta yar da "ba" ɗin ta liƙa "awa" a baya. Kano ta ba mu Bakano da Bakanuwa da Kanawa. Sakkwato ta ba mu Basakkwace, inda "t" ta rikiɗe ta zama "c", amma a jam'i ta dawo, Sakkwatawa. Zazzau ta ba mu Bazazzagi da Zazzagawa. Daura kuwa Badauri, Badauriya, Daurawa, harshensu Dauranci.

To, ka lura da wani abu. Duk waɗannan sunaye a kan tsofaffin ƙasashe aka gina su, masu sarki da ganuwa da tarihin ɗaruruwan shekaru. Gwada wannan ƙa'ida a kan jihar da gwamnati ta raɗa wa sabon suna, ka ji yadda harshe zai ƙi. Ba mai cewa Bajigawe sai da wasa. Mutumin jihar Jigawa Bahaɗeje ne, ko mutumin Gumel, ko na Kazaure, ko na Dutse, ko na Ringim. Idan aka haɗa su sai a ce 'yan Jigawa. Haka Neja da Filato da Taraba da Yobe, har Kadunar da aka haife ka. Ga jiha, Bahaushe "ɗan" da "'yar" da "'yan" yake amfani da su, ko "mutumin" da "mutuniyar". Matsalar Katsina ita ce jihar ta ari sunan ɗaya daga cikin masarautun da ke cikinta, sai mutane suka ɗauka tsohon sunan ya rufe kowa.

Jihar kanta yarinya ce. Ranar 23 ga Satumba, 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke ta daga jihar Kaduna, rana ɗaya da Akwa Ibom, aka tura Abdullahi Sarki Mukhtar gwamnan soja na farko. Yau tana da ƙananan hukumomi 34 da masarautu biyu. Biyar daga ciki, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, ƙasar Sarkin Daura ce; sauran na Sarkin Katsina. Idan kakarka ta manyanta sosai, a rayuwarta ta zauna a Lardin Katsina na Jihar Arewa, sannan a Jihar Arewa ta Tsakiya da Gowon ya ƙirƙira a 1967, sannan a jihar Kaduna daga 1976, sannan a jihar Katsina, duk ba tare da ta matsa daga ɗakinta ba. Sunan takarda ya sauya mata sau uku, Daura kuwa tana nan Daura. Ga kuma alfahari. A labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, Daura ce uwa, Katsina ɗaya ce daga cikin 'ya'yan Hausa Bakwai. Garin da ake yi wa kirari da "ta Abdu, tushen Hausa" ba zai ji daɗi a kira shi da sunan ɗiyarsa ba. Saboda haka kai Badauri ne ɗan jihar Katsina, kuma babu karo tsakanin biyun.

Abin ya wuce nan ma. Kamar yadda ba duk ɗan jihar Katsina ne Bakatsine ba, haka ba duk Bakatsine ne ɗan jihar Katsina ba. Da masu jihadi ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje suka ci birnin a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, ya kafa sabon mazauni a Maraɗi. Har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, mutanensa kuma Katsinawa ne cikakku, alhali fasfo ɗin Nijar ke aljihunsu, Faransanci kuma suka karanta a makaranta. Ka dubi yamma: sarautar Gusau, babban birnin jihar Zamfara, Sarkin Katsinan Gusau ce, domin wancan yanki da ƙasar Katsina ne. 'Yandoto, tsohon garin malaman nan da ya yi suna kafin jihadi, yau yana kusa da Tsafe a jihar Zamfara. Katsinawa sun kai har Keffi da Nasarawa suka kafa sarauta. Daurawa ma haka, akwai unguwa guda mai sunansu a cikin Kano. (Katsina-Ala ta jihar Binuwai kuwa kada ta ruɗe ka, yau ƙasar Tibi ce, ba mai kiran mutanenta Katsinawa.)

Wata hanyar gane cewa sunan tsohuwar ƙasa yake bi ita ce taubasantaka. Banufe idan ya ga Bakatsine sai ya hau shi da zolaya, shi ma ya rama, kuma ba mai fushi. Wannan wasa ya girmi kowace iyaka da soja suka shata. Ba a taɓa jin wata jiha tana taubasantaka da wata jiha ba.

A cikin masarautar Katsina ma sunan na ƙasa ne, ba na ƙabila ba. Sarakunan yanzu Fulani ne Sulluɓawa, waɗanda suka gabace su Dallazawa, kuma dukansu Katsinawa ne. Maguzawan ƙasar Malumfashi da Kafur, waɗanda da yawansu yau Kirista ne, Katsinawa ne, ƙila ma sun fi kowa daɗewa a wurin. Mutanen kudu, shiyyar Funtuwa da Bakori da Ɗanja, ƙasar auduga da masara, Katsinawa ne su ma, sai dai sun fi kusa da Zariya a kasuwanci, kuma suna da sunan da suke kiran yankinsu da shi, Karaduwa, wanda har an nemi jiha da shi, kamar yadda mutanen Daura suka nemi jihar Bayajidda. A kunne kuwa za ka gane Bakatsinen asali idan ya ce "zamna" inda Bakano zai ce "zauna", ko "tahi" a madadin "tafi". Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Katsina a 1851, ya rubuta cewa a nan ne Hausa ta fi wadata da tsabtar furuci. Katsinawa ba su taɓa mantawa da wannan shaida ba, Kanawa kuma ba su taɓa amincewa da ita ba.

Sai batun doka, wanda shi ne ya sa takardunka suka nuna Katsina ko da a Kaduna aka yanke maka cibiya. Tsarin mulkin 1999 ya ɗauki mutum a matsayin ɗan wata jiha idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin wata al'umma ce ta jihar. Shi ya sa ƙaramar hukumar mahaifinka ce take ba ka takardar da muke kira indijin, ita ake nema wajen shiga jami'a ko aikin gwamnati ko soja. A ganina wannan tsari yana zaluntar wanda aka haifa a gari, ya girma a can, yana biyan haraji a can, amma har jikokinsa baƙi ne a takarda. Wannan wata magana ce ta daban. Na kawo ta ne domin za ta dawo mana idan muka zo ƙirga fitattu: wa za a saka, wanda aka haifa a ƙasar, ko wanda asalinsa can ne, ko wanda ya zauna ya yi suna a can?

Yawancin masu jera fitattun Katsina da shugabannin ƙasa suke farawa. Ni da malamai nake farawa, domin da su aka fara sanin sunan a waje. Tun zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko, birnin ya zama zangon fatake da masu neman ilimi, kuma hasumiyar Gobarau tana nan tsaye shaida. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da almajirinsa Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Unguwar Masanawa a cikin birni tana ɗauke da sunan gidansa. Amma wanda ya fi burge ni shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ka ga yadda Larabci ya gina nasa sunan: al-Kashinawi, wato Bakatsine. Wannan malami masanin lissafi ne da taurari, ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin tsara lambobi a cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ko a tsaye ko a kwance ko a karkace. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masu binciken tarihin lissafi a Afirka sun san shi sarai, amma da wuya ka ji sunansa a bakin ɗan sakandare a Katsina, kuma wannan abin kunya ne gare mu masu koyarwa.

Daga nan sai Sarki Muhammadu Dikko, wanda sunansa ya shiga kirarin garin: ta Dikko, ɗakin kara. Yana Durɓin Katsina Turawa suka naɗa shi sarki a 1906, ya yi mulki har 1944. Ya je hajji a 1921 ta hanyar Ingila, abin da ba a saba gani ba ga sarkin Arewa a lokacin. A zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Barewa. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba Bakatsine ba ne. Ina ganin wannan makaranta ita ce amsar tambayar da mutane suke yawan yi, wato me ya sa wannan yanki ya fitar da manyan ma'aikata da hafsoshi fiye da girmansa. Boko ya riga ya zauna a ƙofar gidansu tun wasu suna gudunsa. Ɗan Dikko, Usman Nagogo, gwanin wasan folo, ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Ɗan Nagogo kuma, Hassan Usman Katsina, shi aka ba gwamnan soja na Jihar Arewa a Janairun 1966 bayan kashe Sardauna, lokacin da Arewa take cikin makoki da fushi, daga baya ya zama babban hafsan sojan ƙasa ana tsakiyar yaƙin basasa.

Gidan 'Yar'aduwa shi kaɗai ya isa darasi. Uban, Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Ɗansa Shehu, wanda aka haifa a 1943, ya zama na biyu a gwamnatin Obasanjo bayan kashe Murtala a 1976, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Da ya tuɓe kaki ya gina tafiyar siyasa da ta ratsa kudu da arewa, ya yi gaba a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar SDP a 1992 aka soke, gwamnatin Abacha ta ɗaure shi a 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. Ƙanensa Umaru malamin kimiyyar sinadarai ne, ɗan jam'iyyar PRP a ƙuruciyarsa alhali mahaifinsa jigo ne a jam'iyyar NPN. Ya nemi gwamna a 1991 Sa'idu Barda ya kayar da shi, ya dawo ya ci a 1999, ya yi shekara takwas, sannan ya zama shugaban ƙasa a 2007. Abubuwa uku ake tuna shi da su: ya bayyana dukiyarsa a fili, ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da tangarɗa har ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara, kuma ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009. Ciwo bai bar shi ya gama ba, ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010.

Wanda ya kara da shi a zaɓen 2007 mutumin garinku ne, Muhammadu Buhari, abokin karatun Shehu, yayan Umaru, a sakandaren lardi ta Katsina. Manyan 'yan takara biyu daga jiha ɗaya, ɗaya Bakatsine ɗaya Badauri. An haifi Buhari a Daura ranar 17 ga Disamba, 1942. Lokacin da ya yi mulkin soja, daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, babu wata jiha mai suna Katsina, a takarda shi ɗan jihar Kaduna ne. Ya faɗi zaɓe a 2003 da 2007 da 2011, ya ci a 2015, ya sauka a 2023, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a gidansa na Daura. Ra'ayin mutane a kansa ya rabu, har a cikin jihar. Masu yabo suna nuna tsantseninsa da dukiyar jama'a da ayyukan da suka zo yankin. Masu suka suna tuna cewa yana Daura a Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Jihar da ta ba Najeriya zaɓaɓɓun shugabanni biyu ita ce kuma ƙauyukanta na yamma da kudu suka sha wuya a hannun ɓarayin daji, kuma duk mai jera sunaye don alfahari ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Sauran masu muƙami zan wuce su da sauri. Isa Kaita, Wazirin Katsina, ministan ilimi na Jihar Arewa. Mohammed Bello, Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, ɗan Arewa na farko a kujerar. Mamman Nasir, Galadiman Katsina, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sufetocin 'yan sanda biyu, M. D. Yusufu da Ibrahim Coomassie. Na farkon ya fito fili yana neman shugabancin ƙasa a 1998, lokacin da jam'iyyu biyar suke rige-rigen tsayar da Abacha. Abba Musa Rimi da Lawal Kaita sun mulki tsohuwar jihar Kaduna. Aminu Bello Masari na Kafur ya yi Kakakin Majalisar Wakilai kafin ya yi gwamna.

Garin Musawa ƙarami ne, amma mutum biyu da aka haifa a can sun fi mini ministoci goma. Ɗaya Dokta Yusufu Bala Usman, jikan Sarki Dikko, masanin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rayu daga 1945 zuwa 2005. Ɗan sarauta ne da ya zaɓi ɓangaren talakawa, kuma bincikensa a kan tarihin Katsina ya nuna cewa Katsinawa al'umma ce da ta ginu daga mutane iri-iri da suka zo daga wurare daban-daban, noma da fatauci da mulki suka haɗa su, ba jini ɗaya ba. Ɗayan kuwa Alhaji Mamman Shata. An haife shi a 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ya fara da tallar goro da alewa, ya ƙare ya zama muryar da duk inda Bahaushe yake a duniya ya san ta. Ya yi sama da shekara hamsin yana waƙa da kalangu, yana ƙirƙira nan take a gaban jama'a, ya yi wa sarakuna da direbobi da manoma da matan gari, har shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ana ce masa Shata Katsina, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, amma da ya rasu a 1999 a Daura aka binne shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Ka ga ku ma kuna da rabo a cikinsa. A ɓangaren mata kuma Funtuwa ta ba mu Barmani Choge, sarauniyar kiɗan amada, wadda ta fitar da kiɗan ƙwarya daga cikin gida ta kai shi dandali, tana yi wa mata huɗubar neman na kansu har ta rasu a 2013.

Akwai waɗanda ake jayayya a kansu, kuma a nan waccan tambaya ta asali da haihuwa da zama take fitowa. Abubakar Imam a Kagara aka haife shi a 1911, garin da yau yake jihar Neja. Katsina ce ta rene shi, a kwalejinta ya yi karatu, a makarantar Midil ɗinta ya koyar, yayansa Bello Kagara ya zama Walin Katsina. Amma aikin da ya yi suna da shi, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, a Zariya ya yi shi, a can kuma ya rasu a 1981. Jihohi uku suna iya cewa nasu ne, kuma kowace tana da hujja. Hadiza Bala Usman, wadda ta shugabanci hukumar tashoshin jiragen ruwa, a Zariya aka haife ta, amma a ma'aunin doka da na dangi 'yar gidan Dikko ce. Shaihu Ja'afar Mahmud Adam kuwa akasin haka ne. Mutane da yawa sun ɗauka Bakano ne, domin a Kano ya yi karantarwa, a masallacinsa na Ɗorayi kuma aka harbe shi yana limancin sallar asuba ranar 13 ga Afrilu, 2007. Mutanen Maiduguri suna ganin nasu ne saboda tafsirin azumi da yake yi musu duk shekara a masallacin Indimi. Amma a Daura aka haife shi, a 1960.